Iskar Ƙarƙashin Ɗakin Umma

Ina tsaka da wanke kwalaben gwaji a wurin aiki Umma ta kira ni. Ba ta kira da safe, ta kan ce safiya ta masu aiki ce, don haka tun kafin in ɗaga na san ba lafiya ba.

"Auta, shagon Tela ya tashi."

"Ya tashi ina?"

"Ya fashe, nake gaya miki. Ƙofar ƙarfen nan tasa tana tsakiyar titi. An tafi da shi asibiti."

Gida biyu ne tsakanin namu da shagon. Tela shi ya ɗinka min kayan makaranta tun ina ajin farko. A ranar ya buɗe shago kamar kullum, ya kai hannu ya danna makunnin fitila, iyakar abin da ya sani ke nan. Bai mutu ba, amma wuta ta cinye masa hannuwa biyu da gefen fuska.

Kafin in isa unguwa magana ta riga ta zaunu a bakin mutane: bututun gas ne ya yi yoyo. Wanda ya haɗa bututun layinmu kuwa ba kowa ba ne, Yayana ne. Shi mai walda ne a kamfanin gas, kuma da aka zo shimfiɗa bututu a layin da aka haife shi, da kansa ya roƙi a ba shi aikin. Ya sha yi wa Umma alfahari cewa ko jikokinsa ba za su ga haɗin nan ya zubar ba.

Na tarar da shi a falon Umma, ya haɗa kai da gwiwa, rigar aikinsa tana jikinsa. Kamfani ya dakatar da shi, 'yan sanda sun ɗauki bayaninsa, sun ce kada ya bar gari. A waje matar Tela tana kuka tana kiran sunan Yaya, tana cewa Allah ya isa.

"Ban yi ha'inci ba, Auta," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Na gwada haɗin nan, na sake gwadawa. Kuma gas ɗinmu ana zuba masa wari, don hanci ya ji tun daga nesa. Wa ya ji wari? Ba kowa."

"Ka gaya musu?"

"Injiniyanmu ya ce in gas ya ratsa ƙasa, ƙasa tana shanye warin."

Gaskiya injiniyan ya faɗa, na sani.

Umma ta dube ni. "Ke ba iska kike aunawa ba? Shekara da shekaru muna ce wa mutane 'yarmu tana auna iska, suna yi mana kallon mahaukata. To yau ga ranarki."

Aikina ke nan, a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Sai dai akwai abin da Umma ba ta kawo a ranta ba. An gina unguwarmu ne a kan tsohon wurin haƙar kwal. An toshe ramukan tun kafin a haife ni, kowa ya sani, ba wanda ya damu. 'Yan shekarun baya ma aka kashe injinan da ke zuƙe ruwa daga cikinsu, aka bar ruwa ya cika su.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na yi musu bayani dalla-dalla. Iskar da ke cikin bututu sunanta metan. Akwai kuma metan da ke fitowa daga jiƙaƙƙen kwal, domin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna cin kwal ɗin, suna fitar da ita. In ka ƙyasta musu ashana, duk ɗaya suke ci. Amma sinadarin kabon da ke cikin kowace iska iri biyu ne a gauraye, mai ɗan nauyi da marar nauyi. Gas ɗin bututu zafin ƙarƙashin ƙasa ne ya dafa shi tun zamanin da, yana da mai nauyin da ɗan dama. Su kuwa halittun nan ragwaye ne, marar nauyin suke fara tsincewa, don haka iskarsu ta fi sauƙi. Injinmu yana iya bambance su.

"Tsaya," in ji Umma. "Wato akwai masu cin kwal a ƙarƙashina, ina zaune?"

"Mai yiwuwa tun kafin a gina gidan."

"Ikon Allah. Kuma har yau ba su ƙoshi ba? Ashe akwai waɗanda suka fi yayanki ci."

Yaya ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro. Sannan ya ɗago ya kalle ni da jajayen idanu. "In ta kwal ce, na fita ke nan?"

"Ka fita."

Ban ƙarasa masa sauran ba. In ta kwal ce, rufe bututu bai rufe komai ba.

Domin kamfani ya riga ya rufe bututun layinmu tun da hantsi. 'Yan kwana-kwana sun zaga gida-gida da na'urarsu, a lokacin kowa ya bar ƙofa da taga a wangale saboda tsoro, ba su sami abin a zo a gani ba. Suka ce mutane su koma ɗakunansu. Na roƙi Umma ta biyo ni gidana, ta ce bene nake zaune, gwiwarta ba ta yi da matakala, kuma ba za ta gudu ta bar ɗanta ana zaginsa a ƙofar gida ba, a ce sun san abin da suka yi. Iyakar abin da na samu daga wurinta shi ne alkawarin za ta bar tagogi a buɗe.

Kwamitin bincike ya kawo aikin wurinmu, don duk garin mu kaɗai ke da injin. Shugabarmu, wadda muke kira Dakta, ta kira ni ofis ta rufe ƙofa.

"Ɗan'uwanki ne, ko?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To hannunki ba zai taɓa kwalba ko ɗaya ba. In kin taɓa, ko sakamako ya wanke shi ba wanda zai yarda. Dogo zai yi."

Dogo abokin aikina ne, tare aka ɗauke mu. Shi ya je ya zuƙo iska da sirinji daga wata tsaga a daɓen shagon Tela, ya kuma ɗebo ta cikin bututun kamfani don a gwama. Da ya dawo ya ce min tsagar har lokacin tana hura iska kaɗan-kaɗan, amma mutanen kamfani sun ce ragowar da ta maƙale a ƙasa ce take fita.

Dakta ta ƙara min da wani abin da ya hana ni sukuni. "Kada ki sa rai da yawa. Ba kullum lambar take faɗowa gefe guda ba. In halittun sun daɗe suna ci a rufaffen wuri, marar nauyin ya yi musu ƙaranci, sai su koma wa mai nauyin, iskarsu ta fara kama da ta bututu. In ta faɗo a tsakiya, ba zan rantse wa kowa ba."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Injin sai an daidaita shi, an gwada shi da iskar da aka san lambarta, kafin a ba shi wadda ba a sani ba. Ni kuma an hana ni shiga ɗakin, sai leƙe ta gilashin ƙofa. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in rasa me zan roƙa. In na ce Allah ya wanke Yaya, na roƙa wa Umma zama a kan abin da ba shi da marufi. In na ce Allah ya sa bututu ne, na roƙa wa Yaya kurkuku. Sai in shafa kawai in tashi.

Ranar da sakamako ya fito, da yamma ne, hadari ya haɗo baƙi ƙirin har sai da muka kunna fitilun ofis. Dogo ya leƙo ya yafito ni. Dakta tana tsaye gaban kwamfuta, ta harɗe hannu a ƙirji.

A irin awonmu lambar ƙasa da sifili take, kuma duk yadda ta ƙara gangarawa, kabon ya fi rashin nauyi ke nan. Ta bututu ta tsaya wajen arba'in. Ta shagon Tela ta gangara har kusan saba'in.

"Ba ta ma yi kusa da tsakiya ba," in ji Dogo. "Kuma sauran iskokin da ke rakiyar gas ɗin bututu, babu ko ɗigo. Yayanki ya fita, Malama."

Na buɗe baki zan yi hamdala, sai na ga Dakta ba ni take kallo ba, taga take kallo.

"Wato ba ragowa ba ce ke fita daga tsagar nan," ta ce a hankali. "Sabuwa ce. Kuma in hadari ya haɗo haka, nauyin iskar sama yana raguwa, ƙasa sai ta saki abin da ta riƙe. Mahaifiyarki tana gidan?"

Na kira Umma. Waya ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na kira Yaya, a kashe, yana gaban kwamiti. A daidai lokacin ruwa ya kece, kuma na san Umma kamar yunwar cikina: ɗigon farko in ya taɓa labulenta, sai ta bi tagogi ɗaya bayan ɗaya ta rufe.

Dakta ta ɗauki wayar ofis. "Zan kira 'yan kwana-kwana da masu wutar lantarki. Dogo, ɗauki na'urar hannu. Ku tafi."

Ban taɓa ganin hanyar gidanmu da nisa irin na ranar ba. Ruwa ya cika titi, motoci sun cunkushe a mahaɗa, wata babbar mota ta mutu a tsakiya. Dogo yana danna hon yana cewa in kwantar da hankalina. Ni kuwa ina ta kiran Umma, har wani tunani ya zo min cewa ƙarar wayar ma kanta wa ya sani ko za ta tada wuta, sai na jefar da ita a cinyata kamar ta ƙona ni.

Mun tarar an ɗauke wuta a unguwar, iska ta kayar da wani abu. Layinmu shiru, kowa ya shige ɗaki, kowace taga a rufe. Dogo ya ajiye motar nesa, muka ƙarasa da gudu.

Na'urar hannu ƙarama ce, kamar rediyo, tana da ɗan bututun roba a baki. A tsakar gida ba ta ce komai ba. Na tura ƙofar falo a hankali, na ɗaga ta sama, domin metan sama take taruwa. Ta yi tsuwwa sau ɗaya. Na ƙara shiga, ta fara kuka ba tsayawa, jar fitilarta tana walƙiya. Lambar ta wuce inda aka koya mana cewa a fita da gudu.

Kuma babu wari. Ƙamshin sabulun wankin Umma kawai da na ruwan sama.

"Wane ne?" Muryarta daga kicin. "Auta, ke ce? Wace irin ƙara ce wannan?"

"Umma, kada ki motsa."

Na isa ƙofar kicin, Dogo a bayana. Duhu-duhu ne a ciki. Tun da aka rufe bututu ta koma girki a kan tsohon risho, ga shi nan a ƙasa da tukunya a kai. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne, kwalin ashana a hannun hagu, kara ɗaya a na dama.

"Gara da kika zo," ta ce. "Ashanar nan ta sha sanyi, na yi ta ƙyastawa ta ƙi kamawa. Ko abokin naki yana da laita?"

A ƙasa kusa da ƙafarta na ga kararen da ta jefar, kawunansu sun marmashe. Na ji muryata ta fito siririya, kamar ta wata.

"Umma, don girman Allah, buɗe hannunki. Ki sake ta ta faɗi."

"Ke lafiyarki?"

"Ki sake ta, Umma."

Ta dubi fuskata, ta dubi abin da ke kuka a hannuna. Sai ta buɗe yatsunta. Na durƙusa na zare kwalin na cusa cikin rigata, na kama ta zan ɗaga.

Tashin Umma daga kujera 'yar tsugunne aiki ne ko a ranar lafiya. Ta dafa bango, ta dafa ni, gwiwarta ta yi ƙara. A bayanmu firij yana tsaye shiru. Idona ya kasa barinsa. In aka dawo da wuta a wannan lokacin, da kansa zai tashi, shi da fankar falo da fitilar da ta bari a kunne. Ban san ko kiran Dakta ya isa wurin masu wuta ba.

"Mayafina," in ji Umma.

"Bar shi."

"To bari in kashe fanka, kada a kawo wuta ba kowa."

Na cafke hannunta tana dab da makunni. Ban taɓa riƙe mahaifiyata da ƙarfi haka ba, har sai da ta ce wash. "Kada ki taɓa komai. Komai, Umma."

Dogo yana buɗe tagogi a hankali, yana tallafe kowane ƙarfe kada ya gogi ɗan'uwansa. Ruwa yana fesowa kan kujeru, Umma na kallo, ba ta ce uffan ba. Daga nan na gane ta tsorata. Muka ratsa falon da na yi rarrafe a cikinsa, tana jan ƙafa, ni ina riƙe numfashi kamar hakan zai hana wani abu. Da muka fita tsakar gida ruwa ya dake mu, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Tun ɗazu nake jin kaina yana juyawa. Na ɗauka yunwa ce."

Na zaunar da ita a motar Dogo, muka koma layin muna buga ƙofofi da tafin hannu, muna ihu kada kowa ya kunna komai, a fito. Wasu suka fito nan take da yara a kafaɗa. Wasu sai da suka tsaya tambaya. Matar Tela ta buɗe, ta gan ni, ta ɗaure fuska.

"Ƙanwar mai walda. An turo ki ki wanke shi?"

"Ki zage ni a waje, Anti. Akwai wuta a kunne a ciki?"

"Ina ruwanki?"

Dogo ya miƙa na'urar ta saman kanta zuwa cikin zaure. Ta ɗauki kuka. Matar Tela ta ja da baya, ta juya ta ƙwala wa 'ya'yanta kira da muryar da har yau nake ji.

Muka taru a bakin babban titi, jiƙe sharkaf, tsofaffi da jarirai, wani da cokali a hannu. 'Yan kwana-kwana suka iso suka ja igiya. Muna tsaye sai fitilun layin da ke bayanmu suka kawo, gida bayan gida. An dawo da wuta. Duk muka juya muka zuba wa layinmu ido. Wata mata ta toshe kunnuwan ɗanta. Na ji Umma, da ta fito daga mota, ta damƙe hannuna.

Layinmu bai kawo ba. Masu wuta sun riga sun cire shi.

A nan Yaya ya same mu, ya sauko daga babur tun bai gama tsayawa ba. Ya rungume Umma yana kuka kamar ƙaramin yaro, ita kuma tana faɗa masa ya sake ta, zai karya ta.

Ba a bar kowa ya koma ba sai bayan watanni. Aka gano ruwan da ya cika ramukan ya jiƙa kwal ɗin da ya rage, halittun suka samu yadda suke so, ruwan kuma yana tura iskar sama ta duk tsagar da ta samu. Aka haƙa ramuka a gefen titi, aka kafa dogayen bututu masu fitar da ita sama da rufin gidaje. Kamfani ya mayar da Yaya bakin aiki da takardar ban-haƙuri, bai ko karanta ta ba.

Mun je duba Tela ni da shi. Hannuwansa a naɗe har gwiwa. Matarsa ta tashi ta ba Yaya kujera, ta kasa haɗa ido da shi. Na yi wa Tela bayanin abin da aka gano, ya saurara har ƙarshe.

"To yanzu wa zan riƙe a raina?" ya ce. "Abin da ido ba ya gani?"

Ya ce yana jin ƙishirwa, Yaya ya ɗauki kofi ya riƙe masa a baki.

Gidaje uku ne aka ce ba za a sake zama a cikinsu ba, domin bakin tsohon rami yana ƙarƙashinsu. Namu yana ciki. Tsagar da ta fi girma a ƙarƙashin gadon Umma aka same ta, bayan an ɗaga ledar ƙasa.

Ranar kwashe kaya aka ba mu ɗan lokaci, da ma'aikaci ɗaya a bakin ƙofa riƙe da na'ura. Umma ta ce ba za ta shiga ba. Ta zauna a mota tana ba da umarni ta taga, a ɗauko wannan, a bar wancan, a yi hankali da madubi. Da Yaya ya fito da katifarta a ka, ta ce ya mayar.

"Sabuwa ce fa, Umma."

"Na sani. Mayar da ita."

Ya mayar. Muka nema mata ɗaki a ƙasa kusa da gidana, a can ɗaya gefen gari. Kafin ta yarda ta kwana a ciki sai da ta sa na kawo na'ura daga wurin aiki na bi kowane lungu tana biye da ni, har cikin kabad. Na'urar ba ta ce komai ba. Ta tambayi mai gidan ko an taɓa haƙa wani abu a wurin, ya ce iyakar saninsa gonar rake ce. Ta sa ya maimaita, sannan ta ce a shigo da kaya.